Yadda Za Ka Ceci Jaruminka Daga Hannun Edita

In kana zane a kamfanin da ke buga labaran jarumai cikin hotuna, kuma ka ji raɗe-raɗin bana za a yi gamayya, wato a tattaro duk jaruman kamfanin cikin labari guda su yaƙi wani mugu mai son kekketa sararin samaniya, to jawo kujera. Matakai shida gare ni, kuma na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari: in ka bi su, jaruminka zai kai ƙarshen labarin a kan ƙafafunsa. Shekara goma sha ɗaya teburina na jikin na mutumin da ya fara gwada su, wani dattijo da muke kira Baba Fensir, saboda haka ba jita-jita na kawo maka ba.

Mataki na 1: Ka sani wani zai mutu

Ba a yin gamayya a tashi lafiya. Dole edita ya kashe jarumi ɗaya don masu karatu su share hawaye su nemi fitowa ta gaba. Ba ya kuwa taɓa masu faɗin ƙirjin nan da ake buga hotonsu a jakar makaranta. Tsofaffi yake leƙawa, waɗanda aka ciro daga almara.

Na Baba Fensir irinsu ne. Maɗinkin Sama sunansa, tsohon da a almara yake ɗinke sama duk lokacin da ta yage. Ba ya tashi sama, ba ya naushi, tsani yake hawa da allurarsa mai tsawon sanda. Shekara ashirin da biyu Baba yana zana shi, kuma kowa a ofis ya san fuskar ta mahaifinsa ce, marigayi tela, har da sawun tabarau a karan hanci. Tsohon bai bar hoto ko ɗaya ba. Wannan zanen kaɗai Baba yake da shi.

Ranar da Edita ya ce a taro, “Ɗaya daga cikin tsofaffin nan zai tafi a fitowa ta tara, ban dai yanke wanne ba,” sai Baba ya zaro fensirin bayan kunnensa ya hau fiƙe shi, alhali a fiƙe yake.

Mataki na 2: Ɓoye shi a hoton taro

Kowace gamayya tana buɗewa da wani makeken hoto, jarumai arba'in a tsaye suna hararar sama. Kada son kai ya sa ka kawo naka gaba. Nemi mai fukafukai, ka cusa shi a bayansa. Edita mutum ne mai yawan aiki, kuma abin da bai gani da safe ba, ba ya kashe shi da rana.

Baba ya ƙware a nan, har ya zamana kunne ɗaya da tsinin allura kawai ake gani. Mai Launi, matar da ke shafa wa zanenmu kala, ta ɗago takardar ta juya ta hagu, ta juya ta dama.

“Baba, wannan kunnen na waye? Wane launi zan sa masa?”

“Launin bango, 'yata,” in ji shi.

Mataki na 3: Yabi jarumin abokin aikinka

Kada ka kushe shi, masu kushe nan da nan ake gane su. Yabo za ka yi, amma ka yabe shi a kwance.

Wanda ke zaune gaban Baba wani ne da muke kira Dogo, mai zana Bijimin Wata. Baba ya tare Edita a wajen butar shayi, ya yi ƙasa da murya.

“Ranka ya daɗe, ka taɓa tunanin kyan da Bijimin nan zai yi in ya faɗi? Ƙahoni a ƙasa, wata na haska su. Ni kaina da na kwatanta a raina sai da na ji tausayi.”

Sai dai ka fara duba bayanka, abin da Baba bai yi ba. Dogo na tsaye da kofinsa. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.” Daga ranar gwangwanin sukarin da suka shekara bakwai suna sha tare ya koma cikin durowa mai makulli.

Mataki na 4: Kula da abin da za a sa a bakinsa

Marubuci zai miƙo maka takarda, ka ga an rubuta jaruminka yana cewa, “In aka gama wannan yaƙin zan koma gida in huta.” Duk jarumin da ya furta wannan, a fara nema masa likkafani. Ba ka da ikon goge rubutun, amma kai ke zana da'irar da ake sa magana a ciki, kai ke ja mata 'yar jelar da ke nuna mai maganar. Da aka rubuta Maɗinki yana cewa zai ajiye allura, Baba ya karkata jelar kaɗan, ta koma bakin Bijimin Wata. Haka aka buga, bijimi yana alkawarin ajiye allura.

Mataki na 5: Ƙirƙiro masoya

Edita na tsoron wasiƙun masu karatu fiye da yadda yake tsoron matarsa. In jaruminka ba shi da masoya, kana da dangi. Ranar hutu Baba ya tara su a falo da hantsi: matarsa, ƙanwarta, mijin ƙanwar, da wanzamin da ke masa aski. Ya raba musu biro kala-kala don kada hannu ya yi kama.

Matar ta riƙe nata tana kallonsa.

“Malam, me zan ce? Ni ban taɓa buɗe littafin nan ba.”

“Ki ce kina ƙaunarsa, ba kya iya barci in ba ki gan shi ba.”

“Surukin nawa? Ka ji tsoron Allah mana.”

Sai ta kwashi tsofaffin fitowar ta shige ɗaki, wai bari ta ga abin da za ta iya faɗa ba tare da ta ji kunya ba. Sauran suka yi ta rubutu har wanzami ya ce yatsunsa sun ƙage. Wasiƙa sittin da uku aka aika, da sunaye sittin da uku.

Mataki na 6: Je ka karɓi sakamako

Bayan mako biyu Edita ya kira Baba ofishinsa. Wasiƙun na tule a kan tebur, shi kuma sai murna yake.

“Baba, in faɗa maka gaskiya, Bijimin Wata na yi niyyar kashewa. Maɗinkin naka ma na manta da shi, don ban gan shi a hoton taro ba. Amma dubi wannan. Wa zai zubar da hawaye saboda bijimi? Wanda ake so shi ake kashewa.”

Baba ya haɗiye girmansa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na sa aka rubuta su. Dangina ne da wanzamina.”

“Na sani. Wanzamin ya manna lambar wayar shagonsa a guda tara. Har wannan ma kai ka sa?”

Ya miƙo masa wata mai shafi huɗu. Baba ya gane rubutun matarsa, amma bai san abin da ke ciki ba. Ta rubuta cewa ta san wani tsoho mai irin wannan fuskar, wanda in ya ga rigarta ta yage ba ya magana don kada ta ji nauyi, sai ta wayi gari ta tarar da ita a kan igiya a ɗinke. Ta ce ta zaci ba za ta sake ganinsa ba, sai ga shi a littafi yana hawa tsani.

Baba ya karanta har ƙarshe. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa wanda zai ji wa haushi, ya ninke takardar ya mayar.

Mataki na 7, wanda ban lissafa da shi ba: Zana shi da hannunka

Dogo ne ya fara zuwa. Ya ajiye gwangwanin sukari a teburin Baba ya ce, “In zai yi maka nauyi, kawo in zana shafin.” Baba ya yi godiya ya ce a'a.

A labarin, mugun ya tsaga sama, kuma kamar kowace riga, ta ciki ake ɗinke ta. Dole Maɗinki ya shiga ta tsagar ya rufe ta a bayansa. Kwana uku Baba ya yi a kan shafin. Hoton ƙarshe sama ce fes, da layin ɗinki siriri, da wani guntun zare yana lilo.

Edita ya sa yatsa a wurin. “Baba, ka manta ba ka yanke zaren nan ba.”

“Tela ba ya yanke zare sai ya gama aiki, ranka ya daɗe.”

Edita ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya sa hannu ya miƙa wa Mai Launi.

Gargaɗi

Na yi alkawarin jaruminka zai kai ƙarshe a kan ƙafafunsa, kuma ba wanda ya ga Maɗinkin Sama ya faɗi, don haka ban yi ƙarya ba. In ka bi matakan nan aka kashe naka, ko abokin aikinka ya daina gaishe ka, ko ka gano matarka ta fi marubucin kamfaninku iya rubutu, babu ruwana, kada ka neme ni a ofis ko a gida. Baba Fensir yanzu shi ke zana wa Dogo sararin sama a littafin Bijimin Wata. In ka saya ka duba kusurwar dama ta sama a kowane shafi, za ka ga zaren. In ka nuna wa Edita, ni ban san ka ba.