Rasuwar Sifana Mai Lamba Goma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa wankakku tas, Mataimakin Jami'in Ajiyar Takardu, wanda a gareji aka fi sani da Baƙin Mai, yana sanar da rasuwar sifanarsa mai lamba goma, bayan shekara goma sha shida tana aljihunsa.

Marigayiyar ba ta taɓa cinye kan noti ba. Ta sha laka, ta sha duka, ta sha aro, kuma kullum sai ta dawo gida. Waɗanda suka san ta ba za su manta da muryarta ba: ƙwal in ta faɗi a siminti, ƙwas-ƙwas in tana lallashin kan batir. Da maigidanta ya samu takardar shaida ya koma ofis, ta bi shi a aljihun kwat, a ɓoye, don a can ya gaya wa kowa cewa shi da ma harkar sufuri yake yi.

Ciwon ajali ya same ta wata Talata a wurin ajiye motoci. Motar Darakta ta ƙi tashi, ma'aikata suka zagaye ta suna ta zuba shawara. Mai makokin ya so ya tsaya cikinsu, ya riƙe haɓa, ya ce a kira bakanike. Sai hannunsa ya ci amanarsa. Kafin ya ankara ya ɗaga bonet, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaure, har ya goge yatsu a cinyar sabon wandonsa. Mota ta tashi. Darakta ya ji daɗi ƙwarai, ya miƙo masa 'yan canji ta taga a gaban kowa.

Tun daga ranar, kujera ta yi rawa a kira shi, ƙofa ta cije a kira shi. Taron farko da aka sa sunansa, a ƙarƙashin tebur ya halarce shi, yana ɗaure wa teburin ƙafa. Takaici ya ishe shi. Ya ɗora marigayiyar a kan wani noti da tsatsa ta kama, ya zura mata bututu, ya hau da duk nauyinsa har bakinta ya tsage. Ƙas kawai ta ce.

Ta rasu ta bar filaya, da sukundireba mai karyayyen baki, da Yaya, wanda ya ba mai makokin ita, ya kuma riƙe gareji shi kaɗai shekara huɗu don ƙanensa ya yi karatu.

Za a kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa ranar Asabar da hantsi, ta hannun masinja. Mai makokin ba zai samu halarta ba. Ana roƙon 'yan gareji su yi ta'aziyya ta waya. Yaya kuwa, in ya matsa sai ya zo ofis, ya biyo ta ƙofar baya, kada ya miƙa hannu, kuma in maigadi ya tambaye shi, ya ce gyaran famfo ya zo.