Ranar da Na Bi Daddawar Inna Har Isa

Ni na buɗe wa Inna shafin karɓar kuɗi da kati a intanet, ina yi mata bayani kamar ni na ƙirƙiro shi. Wata mata a Abuja ta sayi buhun daddawa, shafin ya ce an biya, muka ba direba buhun a tashar Sabon Birni.

Da na duba asusunmu, wayam. Wahalar Inna ta wata guda! Na haye kabu-kabu, mayafina yana tashi, ina tsara kalaman ba Inna haƙuri a zuci. A Isa muka tare motar, na sa aka sauke buhun a gaban fasinjoji.

Direban dattijo ne, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Ɗiyata, kuɗɗin kati kwana sukai. Kamfanin shafin ka tambayar bankin mai saye, shi cire ladanai, gobe shi turo muku."

Ya mayar da buhun da hannunsa, har ya biya mini kuɗin komawa. Allah ya saka masa da alheri. Washegari da hantsi kuɗin suka shigo.

Har yau in na gifta tasha sai in ji direbobi na cewa: "Malama, kuɗɗin sun kwana lahiya, ko mu tsai da mota?"