Sabon Lagireto a Motar Kaka

"Lafiya lau, Kaka. Har yanzu dai ba a kai ku bola ba, kai da motar?"

"Masu kwasar shara sun zo, na ce su jira ki iso a yi lodi ɗaya."

Haka 'yata Tegan da mahaifina Merv suke gaisawa tun tana 'yar mitsitsiya. Ranar a garejinsa na garin Mildura ne, Janairu kuwa tsakiyar rani ne a nan, zafi ya sa kwanon rufi yana ƙara, ni kuma na kawo shayi na tsaya bakin ƙofa. Tegan ta dire kwali biyu, sabon lagireto na alminiyam da fankar lantarki.

Motar ja ce buɗaɗɗiya, 'yar Ingila, ta girme ni. Don ƙasar ruwan sama aka ƙera ta, a nan kuwa ko garin Ouyen da ke nan kusa ba ta kaiwa sai ta tafasa. Baba bai taɓa yarda a sauya mata ko noti ba, wai alƙalan ƙungiyar masu tsofaffin motoci suna rage maki in suka ga baƙon ƙarfe a inji. Dabararsa ita ce ya ƙure hita, na'urar ɗumama cikin mota, a tsakiyar rani, ta janyo zafin injin ta juye shi a ƙafafun wanda ke gefe. Mama ce a gefen, shekara da shekaru. Wannan kam har yau yana ci mini rai.

Mama ta rasu da hunturu. An ƙona gawarta yadda ta bar wasiyya, tokar na cikin ɗan tulu a falo, tana jiran a watsa ta a tekun Port Fairy. Baba ya rantse shi zai tuƙa ta can a motar nan. Ƙarshen wata za a sake gwada idonsa, kuma duk mun san lasinsa ba zai tsallake ba. Shi ya sa ya haƙura da makin.

Ya ɗaga sabon lagireton da hannu ɗaya, ya taɓe baki.

"Wannan ai farantin gasa kek ne."

"Naka na tagulla fa? Butar shayi ce aka sa wa taya huɗu."

"Da butar nan na ratsa hamadar Nullarbor, kwalbar giya ɗaya na zuba mata har Perth."

"Na ji labari. An ce rabin hanyar turawa aka yi, kuma ba kai ka tura ba."

"Saurayin nan naki ma ya fi abin nan nauyi, shi da iska ke kwasa in ya fito shanya."

"Iska ta kwashe shi dai, amma bai taɓa gasa ƙafar mace ba."

Baba ya miƙa mata sifana, ya ce ta kula da tiyon ƙasa, ya tsufa. Tegan ta sunkuyar da kai ta shiga aiki. Daga nan suka ci gaba da tsokanar sama-sama, ya ce hannunta kamar na mai wankin kwano, ta ce haƙoransa ma ba na asali ba ne amma ba wanda ya rage masa maki. Dariyar ba ta kama kowa ba.

Da la'asar suka cika ruwa, ya shiga ya tayar da inji. Muka jira har fankar ta kama da kanta. Baba ya duƙa kan agogon zafi, ya ƙara duƙawa, hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Allurar tana ina?"

"Hancinka ya rufe ta, tsoho, matsa..." Sai ta dubi fuskarsa, ta bar maganar. "A tsakiya take, Kaka. Ba ta motsa ba."

Ya jima yana kallon wurin da aka ce allurar take. Ni dai na juya ina gyara kofunan da ba su bukatar gyara, don tausayinsa ya fi ƙarfin haushina.

Ya kashe injin, ya yi wata 'yar dariya, ya zare makullin ya damƙa a tafin Tegan.

"Kin ci, ja'ira. Ke da sai a karo na uku aka ba ki lasi don tausayi."

"Kaka, ai da sauran kwanaki."

"Ki tuƙa," ya ce. "Ni zan riƙe tulun."