Ɓaunar Malam Sha'ibu Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Sha'ibu Direba na Tafoki suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, har da waɗanda suka sha ɗarewa bayanta ba da izini ba, cewa Ɓauna ta kwanta dama. Ta cika ranar kasuwar Sheme, rana na tsaka, a hawan da ke gaban rafin yashi, saura ƙiris a hango rumfuna. Ta cika a hannun mai ita, da kayan jama'a a gadon bayanta, kamar dai yadda ta rayu.

Ga wanda bai san ta ba, in ma akwai shi, Ɓauna mota ce mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu, baƙa, gajera, mai faɗin ƙirji. Ba a taɓa cewa kyakkyawa ce ba, ita ma ba ta nema ba. Malam Sha'ibu ya same ta ne a hannun wani kamfanin titi, cikin shekarun nan da kuɗin mai suka malalo, kowa ya zama ɗan kwangila, ana zubar da abin da bai gama tsufa ba. Wasu suka sayi ƙananan motoci masu walƙiya don zuwa Kaduna. Shi ya sayi mai shiga laka, don garinsu ba kwalta, kuma da damina ta sauka sai rafuka su rufe ƙauyuka kamar an ja ƙyaure.

Tun ƙuruciyarta mai haƙuri ce, sai dai tana da haki. In ta ɗauko kaya ta fuskanci tudu, sai ta riƙa nishi, guf, guf, guf, tana fesa baƙin hayaƙi, har jaki ya wuce ta yana kaɗa kunne. Wannan ne ya kai su wurin Maharazu bakanike a Sheme. Shi ya ciro tarbo daga gawar wata babbar motar kamfani ya dasa mata, abin nan mai kama da katantanwa da ke ɗura wa inji iska. Ta yi ƙarfi, amma sai jikinta ya riƙa zafi, don iskar da tarbo ke ɗurawa da zafinta take fitowa. Sai Maharazu ya koma wurin gawar ya ciro intakula, wadda shi yake kira huhu. Aikinta ɗaya ne, ta fifita iskar nan kafin inji ya shaƙa, kamar yadda uwa ke fifita kunu kafin ta kai bakin yaro. Ya yanke ragar gaba ya faɗaɗa, ya zaunar da huhun a gaban lagireto inda iskar hanya za ta fara dukansa, ya lanƙwasa bututu, ya ɗaure tiyo, ya ƙara mata fanka. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Malam Sha'ibu, komi za ka yi mata ka yi, amma hwa kada ka rufe mata fuska. Ko ganyen kuka ya manne, tsaya ka cire. Nan take shan iska."

Daga ranar Ɓauna ta zama Ɓauna. Ta sami sabuwar murya, wani siririn fito, fiiiii, in ta ɗauki hawa, sannan in an saki ƙafa ta sauke ajiyar zuciya, fusss. Yara kan jiyo fiton tun tana bayan gari. Amma waɗanda suka fi sanin muryar nan mata ne.

Nan ne alherinta yake, jama'a, kuma nan ne kukan yake. Damina bayan damina, in haihuwa ta zo da gardama a Ketare ko Tafoki ko gidajen noman da ke warwatse a daji, ba a aika wa kowa sai Malam Sha'ibu. Ɓauna ta sha shiga ruwa har wuya da mace a kwance a bayanta, wata 'yar'uwarta na riƙe da kanta. Ta sa ƙaramar giya ta haƙa laka da ƙafa huɗu, fiiiii, ta fito ɗaya gaɓar tana ɗigar ruwa, ta miƙe sai asibiti. Ba ta taɓa tambayar matar nan mai salla ce ko Bamaguza ba. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko da gari ya yi sanyi, sai dai ta yi tari biyu don a san ita ma tana da rai.

Ta rasu ta bar Malam Sha'ibu, wanda tun ranar bai ce a ƙaro miya ba. Ta bar Fatsuma uwargidansa, da ta sha yi mata tsegumi kan sabulun da ake ƙararwa wajen wanke ta amma yau ita ta fi kowa jan majina. Ta bar jak, da safaya wadda ba ta taɓa jin daɗin duniya ba, da igiyar ja da ta fid da motocin manya da yawa daga kunya. Ta bar Kyauta, yarinyar da ba ta jira asibiti ba ta faɗo a bayanta a tsakiyar rafi, yanzu har tana tallan gyaɗa. Ta bar yaran da ba su ƙirguwa masu gudu a ƙauyuka, waɗanda ba don ita ba da ba a raɗa musu suna ba. Ta kuma bar huhunta, lafiya lau, ko tsaga babu, abin da ya fi komai ƙona wa Maharazu rai.

Ciwon ajali kuwa, ga yadda ya zo, don a daina faɗar abin da ba shi ba a bakin kasuwa.

A wani gidan noma bayan Ketare akwai Baba Tani, tsohuwar Bamaguza, ungozomar yankin. Lokacin da mahaifiyar Malam Sha'ibu ta rasu ta bar shi cikin zanen goyo, ita ta haɗa shi da nata ɗan ta shayar. Ko gemunsa ya yi furfura, in ya je gabanta durƙusawa yake. Ita ce ta fi kowa raka masu naƙuda zuwa bakin mota, don haka ta fi kowa jin fiton nan. Kuma a kunnen ungozoma, ƙirjin da ke fito ƙirji ne da sanyi ya kama. Ta tara tsofaffin mata ta ce, "Kuna ji kuwa? Dabbar nan ta ɗauki sanyi wajen shiga ruwa don ɗiyanmu, mu kuma ko tsumma ba mu yafa mata ba. Wannan ai butulci ne." Da kaka kowace ta ware audugarta. Suka yi rani guda suna kaɗi, suka kai wa masaƙi, aka saƙa gwado mai kauri ninki biyu, aka rina shi baƙi don ya dace da jikinta. Bai kammala ba sai tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Ranar kasuwar Sheme, Malam Sha'ibu ya je gidan noman ɗaukar 'yan kasuwa kawai, sai ya tarar da mata cike da ƙofar gida, ana guɗa. Kafin ya gama gaisuwa, Baba Tani ta shimfiɗa gwadon a ƙirjin Ɓauna, daga bakin bonet har ƙasa, ya rufe raga ruf. Da hannunta ta ɗaure kusurwa huɗu, ɗaurin ungozoma, irin wanda ba ya kwancewa da kansa.

Ya buɗe baki, Allah ya sani ya buɗe. Ya ce, "Baba, ai da zafin nan..."

Ta ce, "Rufe mini baki, ɗan nema. Sanyin ƙirji mi ya sani da bazara? Kai ma da kana jariri haka ka riƙa fito, da mi na warkar da kai?"

Mata suka fashe da dariya. To, ku da kanku kun san al'ada: tufar da babba ya yafa maka da hannunsa, ba a tuɓe ta a gabansa. Sai ka sa ta ka fita, jama'a su gani, su sa albarka. Wanda ya cire, ya ce ba ya so ke nan, ya watsa wa mai kyauta ƙasa a ido a gaban mutanenta. Malam Sha'ibu ya dubi yatsun nan da kaɗi ya sa suka yi kanta, ya haɗiye maganar Maharazu. Ya ce a ransa, da zarar an wuce tsamiyar bayan gari zai tsaya ya naɗe gwadon, ba wanda zai sani.

Sai ga Baba Tani tana tattare zane, tana hawa gidan gaba. Matar da shekara da shekaru take sa wasu a mota, ita ba ta taɓa shiga ba. Ta ce yau kam za ta je kasuwa, ta ji da kunnenta ko maganin ya kama.

Aka cika baya da tsofaffi da kwandunan daddawa da buhunan dawa da awaki biyu. Ya ja a hankali don ya tausaya wa inji. Da yake bai taka da ƙarfi ba, tarbo bai yi fito ba. Baba Tani ta karkata kunne, ta washe baki ta ce, "Ka ji ko? Shiru. Ta samu sauƙi tun ba a je ko'ina ba." Shi kuwa idonsa na kan allurar zafi, tana hawa sannu sannu kamar hantsi.

A tsamiya ya tsaya, wai zai kama ruwa. Ya zagaya ya tsuguna gaban mota ya sassauta ƙasan gwadon ya tura shi sama. Ashe tana leƙe ta taga. Ta ce, "Af, ya kwance ko? Bari in zo, ku maza ba ku iya ɗauri ba." Ta sauko da ƙyar, ta ɗaure shi tamau fiye da da, ta shafa shi. Ya tsaya yana kallo, har ya riƙe mata hannu ta koma ciki.

A rafin yashi dole ya sa ƙaramar giya. Ɓauna ta haƙa, ta haƙa, fanka na kururuwa tana jan iskar da babu. Ta fid da su. A wannan halin ma sai da ta fid da su. Ta kama hawan, ta yi rabi, ta yi fitonta na ƙarshe, siriri, fii, kamar mai neman gafara. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas daga can cikin ciki, farin tururi ya turnuƙe ta ƙarƙashin gwado, ta yi shiru. Inji ya buga. Maharazu da ya zo ya duba, hularsa kawai ya cire ya mayar.

Baba Tani ta daɗe da tafin hannunta a kan ƙarfen gaba. Sannan ta ce, "Mun makara, Sha'ibu. Da tun bara muka yi mata. Kuma bai yi kauri ba, na faɗa wa masaƙin nan." Ta fashe da kuka. Shi da ya kamata a ba haƙuri, shi ya koma yana ba ta. Ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Baba. Kin yi iyakar yinki."

Game da jana'iza: shanun huɗa na Alhaji Gide za su jawo ta daga Sheme zuwa Tafoki ranar Laraba da hantsi. Ana roƙon direbobin da za su gamu da ita a hanya su rage gudu, kada a yi mata ham. Za a kwantar da ita a gindin ɗorawar ƙofar gida, a ɗora ta kan duwatsu, fuskarta na kallon hanyar rafi. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma bai ga inda aka hana kuka ba. Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku, maza a zaure, mata wurin Fatsuma. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, don haka ana shawartar masu tsohon ciki su koma gidajen dangi na bakin titi tun rafuka ba su kawo ba, don bana ba mai zuwa.

Baba Tani za ta zauna a wurin makoki, kusa da ƙofa. Malam Sha'ibu yana roƙon kowa, don girman Allah da darajar nonon da ya sha, duk wanda ta tambaya me ya kashe Ɓauna, ya ce sanyi ne. 'Yan kamasho da masu ilimin inji su bar iliminsu a tasha. Wanda ya san bakinsa ba ya riƙe magana, ya aiko da gaisuwarsa, an yafe masa zuwa.

Masu niyyar kawo gudummawa kuma, kada su wahalar da kansu da goro. Su kawo auduga. Tsohuwa ta riga ta ɗauko mazarinta, ta ce in Allah ya ba Sha'ibu wata motar, ba za a sake makara ba, kuma wannan karon ninki uku za a yi. Da aka gaya masa, sai ya ce a bar ta ta kaɗa. Kwandon farko ma shi ya kai mata, a kan keke.