Zuwa Ga Zafin Bazara, Kan Maganar Ɗakin Hajiya

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Zafin Bazara, Shugaban Riƙo na Wata Uku, Uban Gumi, Jagoran Ƙuraje, ta hannun duk wanda tsautsayi ya fito da shi tsakanin azahar da la'asar.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, da fatan wannan takarda ta iso hannunka kafin ta ƙone. Ba zan tambayi lafiyarka ba, ranka ya daɗe, domin duk wanda ya taka dandamalin masallaci ba takalmi a makon nan ya shaida kana nan ƙalau, har ka yi ƙiba.

Sunana Saminu. Turare da man shafawa nake sayarwa a bakin Kasuwar Kurmi, kuma a Jakara aka yanke mini cibiya. Kafin in ɗauki biro sai da na tuntuɓi limamin unguwarmu, Malam Isyaku, ko ya halatta mutum ya rubuta maka. Ya ce, "Saminu, ba a zagin zamani. Shi ma zafin bawan Allah ne kamarka, aiko shi aka yi." Na ce, Allah gafarta Malam, ni ba zagi zan yi ba, kuma ba da Wanda ya yi aiken nake ba, da ɗan aiken nake, wanda aka ce ya kai saƙo ya juyo, shi kuma ya samu wuri ya shimfiɗa tabarma. Malam ya ci gaba da fifita da mafici. Na ɗauki hakan a matsayin izini.

Ga ƙorafe-ƙorafen, cikin ladabi.

Na ɗaya, maganar wa'adi. A zamanin iyayenmu kai mutum ne mai kunya. Sanyi zai gama nasa, ka karɓa, ka yi wata ukunka, ka miƙa wa Hajiya Damina ofis, ka tafi ana yi maka Allah-ya-kiyaye. Yanzu fa? Ba a gama ninke bargo ba ka iso. Rigunan sanyin da na saya wa yara bana, har yau da ƙamshin kanti a jikinsu. In Damina ta samu ta zauna a kujera, sai a ga ka dawo a tsakiyar zamanta, wai ka manta hularka. Mun ga tazarce iri-iri a ƙasar nan, ranka ya daɗe, amma masu yinsa ko ba komai sukan tara mu a fili, a yi kiɗa, a raba atamfa da taliya. Kai ko sabulun wanka ba ka raba ba, alhali kai ka ninka mana wankan.

Na biyu, maganar kasuwa. Man shafawar da nake sarowa daskararre, zuwa hantsi ka mayar mini da shi man gyaɗa. Shekaranjiya wata baiwar Allah ta buɗe kwalba za ta shinshina, ya kwarara a mayafinta, kuma ba sunanka ta kira ba, nawa ta kira, ta haɗa da na mahaifina. Da na zaci yawan gumi zai ja wa turare kasuwa. Ashe akwai matakin da in gumi ya kai, mutum kan haƙura da turare ya bar wa Allah. Su kuwa masu sayar da ƙanƙara, waɗanda a da su ke gaishe mu muna amsawa, yanzu sai mun rusuna kafin su ɗago kai. Wace yarjejeniya ce tsakaninku? Haka masu ba da wutar lantarki. Ban taɓa ganinku wuri ɗaya ba, kana shigowa suna fita, kamar suruki da surukarsa. Fankar ɗakina ta daɗe da zama kayan ado, har gizo-gizo ya yi mata labule.

Na uku, ka tone mana asiri. Tun da ka kori unguwa daga ɗakuna zuwa ƙofar gida, babu sauran girma a Jakara. Alhazan da muke gani da babbar riga mai aiki har ciki, yanzu mun san adadin hujin singiletinsu, mun san mai munshari, mun san mai yin ciniki cikin barci. Me muka yi maka da za ka sa mu san juna haka?

Duk waɗannan, ranka ya daɗe, share fage ne. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na huɗu.

A gidanmu akwai ɗaki guda na ƙasa, shi kaɗai ya rage daga ginin kakanmu. Rufin azara ne, katangarsa kuwa don kauri yaro kan kishingiɗa a tagarsa. Mahaifiyarmu, Hajiya 'Yardada, a nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, a nan take har yau da randarta a kusurwa, wadda ruwanta kan sa haƙori tsami da tsakar rana. Sauran gidan duk ya koma bulo da kwano, aikin ƙanena Tajuddeen, ma'aikacin ofis, mutumin kirki, wanda in ya ga ginin ƙasa sai ya ji kamar an zage shi a gaban baƙi.

Ɗakin ƙasa abu ɗaya yake buƙata a shekara, shi ne yaɓe. Magininmu, Malam Mikail, zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta jiƙu ta yi danƙo, sannan ya hau ya lulluɓe rufin da ita. Duk dabarar tana ga lokaci. Dab da tafiyarka ake yi. In aka yi da wuri, ka gasa shi ya tsattsage. In aka makara, ruwa ya same shi ɗanye ya wanke. Da can wannan ba abin damuwa ba ne, don kana da alama: iska za ta juya, shamuwa ta sauka a kan tsamiya, kowa ya san ka fara ɗaure kaya. Yanzu shamuwa kan zo ta tsaya tana waige-waige, kamar baƙuwar da ta zo biki ta tarar an ɗaga ba a gaya mata ba.

Bara waccan mun bi shamuwa, muka yi yaɓe. Ka ƙi tafiya. Ka zauna a kan rufin nan har ya yi faso kamar diddigen manomi. Da Damina ta samu shigowa, ta zo a fusace da ruwan wata guda a yini ɗaya, babu kwano ko roba a gidanmu da ba a jera a ɗakin Hajiya ba. Bara muka ce mun yi wayo, muka jinkirta. Ranar da Malam Mikail ya gama, ƙasa ko tsanewa ba ta yi ba, sai ka ɗan fita kamar mai zuwa kama ruwa, ka bar wa hadari ƙofa a buɗe. Ina tsaye ina kallo yaɓenmu ya biyo indararo ya gangara lungu. Washegari ka dawo ka zauna kamar ba ka san an yi ba. Malam Mikail ya dubi rufin, ya dubi sama, ya ce, "Alhaji Saminu, ni ƙasa na gada. Wannan sabuwar samaniyar ba a koya mini ita ba."

A wannan karon sai da muka mayar da Hajiya ɗakin kwano kafin a gyara nata. Ka san abin da ka yi mata a can, ba sai na tuna maka ba. Tsohuwa ce mai hawan jini. Ba ta cika mako ba sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

To, yanzu Tajuddeen ya samu hujja. Ya ce ɗakin da yake yoyo shekara biyu a jere ba ɗaki ba ne, a rushe shi, a yi wa Hajiya na zamani. Ya nuna wa ƙannenmu mata, Mardiya da Zubaida, hotunan tayil da silin roba a waya, duk sun bi shi. An sa taron iyali ranar Juma'ar nan don a yanke magana. Ita Hajiya ba ta jayayya da 'ya'yanta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ku yi abin da kuka ga ya dace, amma da kun bari na riga shi tafiya."

Na biyar, kuma wannan yabo ne a cikin ƙorafi. Ka gyara mana tarbiyyar Tajuddeen. Yaron da sai Juma'a-Juma'a yake leƙa mahaifiyarsa, tun da ka tsananta kullum yana idar da azahar sai ga shi, wai ya zo gaida Hajiya. Ya cire hula, ya kashe waya, ya miƙe a kan daɓe. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai an kira la'asar. In ya farka ya kamfaci ruwan randa, ya ɗaga kai ya ƙare wa azara kallo, ya ce, "Hajiya, gaskiya ɗakin nan ya tsufa." Ita kuma ta ce, "Haka ne, Taju. Ka manta hularka a ƙarƙashin filo."

Na daɗe ina tunanin me ya haɗa ka da ɗakin tsohuwa, sai kwanan nan na gano. Ka shiga kowane ɗaki a Jakara, ka shiga kanti, ka shiga mota, ka shiga har cikin firij in an ɗauke wuta. Ɗakin Hajiya ne kaɗai kake tsayawa a bakin ƙofa kamar baƙon da ba a yi wa iso ba. Da ka kasa shiga ta ƙofa, sai ka bi ta rufi. Da rufin ya gagara, sai ka bi ta kan ƙanena. Ina jinjina maka, ranka ya daɗe. Ko a Kurmi ban ga dillali mai haƙurinka ba.

Sai dai ni ɗan kasuwa ne, ba na tashi daga magana ban yi tayi ba. Na janye ƙorafi na ɗaya da na biyu da na uku. Ka riƙe tazarcenka, ka riƙe masu ƙanƙararka. Abu ɗaya nake roƙo: ka halarci taronmu na Juma'a.

Bisa al'ada a ɗakin Hajiya muke taro, da yamma in rana ta yi sanyi. A matsayina na babban wa, na ce bana bai dace ba. Tajuddeen ya yi wa gidan nan ɗawainiya, ya kamata a girmama shi a yi taron a sabon falonsa na saman bene, ana sakkowa daga masallacin Juma'a. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce ashe na fara wayewa. Ka san falon, ai kusan can ne ofishinka: kwano a sama, gilashi ta yamma, kujerun leda masu kama cinya, da kafet har bango. Janaretansa yana wajen mai gyara, wanda abokina ne tun na firamare, kuma ya tabbatar mini ba za a samu kayan gyaran ba sai Asabar. Masu wuta kuwa ba sai na roƙe su komai ba, na yarda da su. Na gaya wa Mardiya da Zubaida taro ne mai muhimmanci, za a ɗauki hoto, su zo cikin leshi da ɗauri. Mai ɗakina Zuwaira za ta kawo farfesu da shayi mai citta. Ita Hajiya an ɗauke mata hawa bene saboda ƙafa. Za ta zauna a ɗakinta, ƙofa a buɗe, da tulun zoɓo a gefen randa.

Ni ba zan ce uffan a kan rushe ɗaki ba. Zan buɗe taro da addu'a, doguwa. Sannan in kawo tarihin gidan tun daga kakanmu, ba tare da na tsallake kowa ba, har da waɗanda suka yi ƙaura zuwa unguwar Koki. Kai dai ka yi aikinka kamar yadda ka saba yi wa marasa laifi. Ina so in ga wanda zai fara cewa mu koma ɗakin Hajiya mu ƙarasa maganar, ina kuma so in ga bakin da zai ce a rushe ɗaki alhali mai bakin yana kwance a kan daɓensa.

Kada ka damu da cewa wasiƙar a buɗe take. Tajuddeen ba ya karanta rubutun Hausa in ya wuce layi uku, kuma a lokacin da mutane ke karatun irin wannan, shi yana can yana gaida Hajiya.

In ka yi mini wannan, sauran roƙon ƙarami ne. Malam Mikail ya riga ya kwaɓa ƙasa, tana nan a ƙofar gida an rufe ta da buhu. Idan ka tashi tafiya, ka yi mana alama ta gaskiya, ka ba yaɓen nan dama ya sha iska, sannan ka miƙa wa Hajiya Damina ofis a hankali, ba ka jefa mata mukulli ka ruga ba. Shamuwa ma tana da mutunci, a daina kunyata ta.

Ina roƙon afuwa in alƙalami ya zarce. Allah ya ja zamaninka, amma kada ya wuce Juma'a da yawa. In ka iso kada ka tsaya sallama, ka hau bene kai tsaye, ƙofa ta biyu, an tanadar maka kujera kusa da mai falon. Ɗakin da ke ƙasa ta hannun dama kuwa, kamar kullum, ba a yi maka iso ba.

Naka mai biyayya, a rusune, cikin gumin da kai ka ba shi,

Saminu Mai Turare,
Jakara, cikin birnin Kano.