Kafson Filasko a Gosulon Upper Iweka

Ko ni na so in manta, cikina ba zai taɓa bari in manta da makona na farko a aikin tallan magungunan ƙarin lafiya a Onitsha ba. Na gama digiri a kimiyyar abinci, na sha zaman gida, don haka da wani kamfani ya ɗauke ni sai na riƙe aikin hannu bibbiyu.

Kayanmu kafso ne na filasko, ganyen nan da ake dafawa don wankin ciki. Bambancin kawai, a masana'anta ake tatso sinadarin ganyen a auna shi, ta yadda ƙarfin wannan kafso daidai yake da na wancan. Ba irin na tukunya ba, yau ya yi kauri gobe kamar ruwa. (Wannan bayanin na haddace shi kamar karatun allo.) Ƙa'idarsa ɗaya tak, kuma ba kullum ba.

Aka haɗa ni da Alhaji Ɗanjuma, dattijon da mahauta ke jin maganarsa. Ya ce in ya gamsu, da yamma zai tafi da ni Enugu ya gabatar da ni ga mutanensa na unguwar Ogui. Ƙofar da nake nema ke nan.

Da safe na tsaya a mayanka ina bayani, ina ta "wataƙila" da "a iya sanina dai". Alhaji ya katse ni.

"Ɗan boko, mu a nan mai magani shi ke fara sha. Bismillah."

Na haɗiye ɗaya. Wannan ba laifi. Matsalar ita ce ya zagaya da ni rumfa-rumfa, kuma dattijon kowace rumfa bai ga shan da na yi a baya ba. "Sha mu gani, yaro." Ni kuwa tun ina ƙarami ban iya ce wa mai furfura a'a ba. Ina haɗiya, ina jaddada musu kada kowa ya kuskura ya wuce ɗaya. (Wallahi a lokacin ban ga abin dariya ba.)

Har azahar lafiya lau, har na fara zaton ko jikina na daban ne. Ashe filasko ba ya gaggawa.

Bayan la'asar muka shiga motar Alhaji, ni a baya tsakanin abokansa biyu, cikin farar shaddata ta sallah. Muna isa mahaɗar Upper Iweka, tun ba mu fita Onitsha ba, gosulo ya kulle, tirela a gaba, bas a baya. A nan cikina ya yi wani ƙugi da ya sa direba ya rage rediyo yana sauraren inji.

Gumi ya karyo mini. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da na ga ba sarki sai Allah, na buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ba wai ina cewa tabbas ba ne, amma akwai yiwuwar nan gaba kaɗan in ɗan buƙaci..."

"Kai ɗan boko! Bayan gida kake ji ko ba ka ji?"

"Ina ji, Alhaji."

"To sauka mana! Motar nan sabuwa ce!"

Na tsallake abokin Alhaji, na taka masa ƙafa, na ratsa masu talla da wata irin tafiya, gwiwoyi a haɗe. Wani ɗan okada ya tare ni: "Oga, where?" Na ce masa ko'ina, in dai akwai ƙofa.

Kafin in dawo hanya ta buɗe, mota ta wuce da jakar kayana. Na koma ɗaki ina ganin aiki ya gama tafiya.

Washegari Alhaji ya kira ni a waya, dariya ta hana shi ƙarasa sallama. Wai shi da kansa ya nuna wa mutanen Ogui kayan, ya ba su labarina tiryan-tiryan, har ya tashi ya gwada musu tafiyata.

"Sun ce ka zo. Ba su taɓa jin maganin da ya sauke mai shi daga mota ba."

Na je, kuma sun karɓe ni. Sai dai har yau ba wanda ya san sunana a Ogui, Malam Sauka suke ce mini. Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne kamfani zai auna maka komai a cikin kwalba, amma "a'a, Baba, na riga na sha", wannan kai za ka taho da ita daga gida.