Jegon Agwagwar Ya Kaka

"Kin ji agwagwar Ya Kaka ta yi ƙyanƙyasa?"

"Na ji. An ce jego ake mata, har da kunun kanwa."

"A wannan zafin? To, Allah ya raya marayu."

Saukar Mutari ke nan daga kamiyon gyaɗa, wato babbar motar kaya, a tashar Magariya ya tsinci wannan zance a bakin wasu mata masu dawowa daga rijiya. Ya Kaka kakarsa ce, wato matarsa ta wasa. Agwagwar kuwa shi ya kawo mata bara daga kasuwar Guci, ya ce lefenta ke nan, kuma ita kaɗai gare ta. Ga bazara ta kai inda ƙadangare ma sai ya ɗaga ƙafa.

Ya tarar da tsohuwar a madafa, wuta na ci. Agwagwa na gindin murhu, baki buɗe, fukafukai a sake, tana haki, 'ya'yanta na tsuwa kewaye da ita.

"...ya gajiya, amaryata?"

"Wushe, wushe, mijin banza. Ka zo barka hannu na dukan cinya?"

"Ai ban sani ba ko barka ce ko ta'aziyya. Wannan jego kike ko gashi?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Mai jego ɗumi take so. Uwarka ma haka na gasa ta har ta yi arba'in, ga ka nan da kai kamar tulu."

"Shi ya sa har yau nake warin hayaƙi. Me kike ba ta?"

"Tunkuza da man gyaɗa, a bi da kunu mai zafi. In ta ƙi, in buɗe bakin in ɗura."

"Ɗura! Tsohuwa, ni da na ci tunkuza jiya da tsakar rana, sai da na ji kamar garwashi na haɗiya. Maiƙo a ciki, wuta a waje, ga rigar gashi ba ta tuɓuwa. Dubi bakinta!"

"Godiya take yi mini."

"Wasiyya take bari."

"Kai, tafi can! To me zan ba ta? Dusa? Na gwada dusa zalla. Zafin nan ya hana ta ci, ɗan abin da ta tsattsaga bai riƙe ta ba, ta koma tsinke kamar ƙafafunka."

"Ba a ce ki sa ta azumi ba. A jiƙa dusa da ruwan randa, a barbaɗa tunkuza kaɗan, a ba ta da sanyin safiya da bayan la'asar. Ke kuwa garin neman gira za ki rasa ido."

"Yaushe ka zama lokotoron agwagi? Kai da Nasara suka kama ka lakwal wai ka yi karatun boko, da suka ƙwanƙwasa kan suka ji holoƙo suka sako ka?"

"Ke ai da suka gan ki cewa suka yi a cire ki daga haraji, tun zamanin Annabi Nuhu kika gama biya."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Babban da ke lalube kafin ya sami bakinsa? To ji nan. In ta mutu, ke za ki shiga tafki ki koya wa 'ya'yan iyo? In kuma ta rayu da wannan teɓa, kukun Kumandan na nan yana leƙen katangu. Sai dai ki jiyo ƙamshinta daga bariki."

Ya Kaka ta buɗe baki za ta rama, sai agwagwa ta saki wuya, ta kife.

"Wayyo lefena!"

Mutari ya suri agwagwar ya yi gindin tsamiya, ya jawo kwatarniya, ya tuttula ruwan randa, ya tsoma ta.

"Mai jego a ruwan sanyi? La'ananne, sanyi zai shige ta!"

Agwagwa ko motsi. Tsohuwa ta dafe ƙirji. Mutari ma ya ƙura wa agwagwar ido, don in ta mutu a hannunsa, har ya shiga kabari sunansa makashin mai jego.

Can sai agwagwa ta motsa wutsiya. Ta tsoma kai, ta ɗago, ta sake tsomawa. Ta miƙe ta yi girgiza, ruwa fal a fuskar Ya Kaka. 'Ya'yan suka biyo a guje suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ga godiyar gaskiya," in ji Mutari.

Tsohuwa ta share fuska da gefen zane, dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta koma madafa ta kashe wuta, ta fito da ƙwaryar tunkuza ta dangwara a gabansa.

"Ungo, cinye, kai ne ramamme. Butulu biyu Allah ya haɗa ni da su." Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Mutari, maigidana na kaina, don Allah in matan rijiya sun tambaye ka, ka ce ni na ce a sa ta a ruwa."